Sirrin Koren Shayi: Ɗaci Ne Ko Garɗi?

Yau ba zancen lalle ko dilka na zo da shi ba, kicin za mu shiga, kuma a kan wani abu da ya zama yayi a tsakaninmu za mu tsaya, wato koren shayi. Yanzu da wuya ki shiga babban kanti ba ki ga kwalayensa a jere ba, wani daga Sin, wani daga Japan, wani kuma an rangaɗa masa kalmar Organic a goshi, kuɗinsa ya fi na sauran. Sai yarinya ta yi ta tara kuɗin tara har ta saya, ta zo gida ta ɗora tukunya, ta zuba ganye ta bar shi yana ta ɓararraka kamar za ta dafa ganda, ta tace ta kurɓa, sai ki ga fuska ta yamutse. "Wannan ai maɗaci ne!" Daga nan ko dai kwalin ya koma bayan kwaba ya yi ta shan ƙura, ko kuma ta riƙa toshe hanci tana ɗurawa kamar maganin shawara, wai ita a dole sai ta rage ƙiba.

To ni dai ina nan a kan bakana, shayin nan ba shi da laifi. Abin da kika biya kuɗi dominsa ƙamshi ne da ɗanɗano, kuma su biyun nan a tukunya aka kashe su tun kafin su iso harshe.

Bari mu faro daga tushe. Baƙin shayin da mai shayin bakin layinku yake haɗa wa samari da madara, da ruwan bunun da Baba ke sha da asuba, da wannan koren, duk itace guda ne ya haife su, masana na kiransa Camellia sinensis. Bambancin a hannun masu sarrafawa yake. Kin taɓa lura da farin goro in an ɓare shi an ajiye, yadda yake rinewa ya koma ja? Haka ganyen shayi yake, da zarar an tsinke shi an murza, iska ta shige shi, sai ya fara rinewa ya yi duhu, ƙamshinsa ya sauya. Mai son baƙin shayi sai ya ƙyale shi ya rine son ransa. Mai son kore kuwa ba ya ba shi wannan dama, yana tsinkowa zai yi maza ya sa masa zafi, zafin ya kashe abin da ke jawo rinewar, ganye ya tsaya da korensa da ƙamshinsa na ɗanye.

A wajen sa zafin nan ne hanya ta rabu biyu, kuma in kin gane wannan, hancinki kaɗai ya isa ya gaya miki daga ina shayi ya fito ba sai kin duba kwali ba. Mutanen Sin galibi a kasko suke gasa nasu. Mafi shahara a wurinsu shi ne Longjing, wanda ake nomawa a tsaunukan da ke kewaye da tafkin birnin Hangzhou a lardin Zhejiang. A babban kasko mai zafi ake juya shi da tafin hannu, ana dannawa ana shafawa har kowane ganye ya miƙe ya yi falan-falan. In kin buɗe leda kin kai hanci, abin da zai fara zo miki shi ne ƙamshin gyaɗa ko aya da ake soyawa a yashi, can ƙasa-ƙasa kuma da ɗan ƙamshin ɗanyar masara da aka gasa. Ruwansa fatsi-fatsi ne mai haske, ba kore shar ba. Su kuwa mutanen Japan turarawa suke yi, kamar dai yadda muke turara dambu a madambaci, sai dai nasu bai fi rabin minti zuwa minti guda ko biyu ba, sannan a murza a busar har ya zama sirara kamar allura. Wani manomi mai suna Nagatani Soen ne ya fito da wannan hanya a yankin Uji, kusa da Kyoto, a shekarar 1738, kuma shayin da ake yi haka shi ake kira sencha. Ƙamshinsa na ɗanyen haki ne, irin wanda kike ji in an yanko wa tumaki ciyawa da damina, haɗe da na alayyafo da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu. Wasu in suka fara shinshinawa sukan ce suna jin ɗan ƙarni-ƙarni kamar na bakin teku, kuma ba ƙarya suka yi ba, yana nan, masu shansa ma shi suke nema.

Ni dai in za a bi ta tawa, yarinyar da ba ta taɓa sha ba ta fara da na kasko. Hancinmu ya saba da ƙamshin gashi da suya, ba zai yi mata baƙunta ba. Na turare sai an ɗan zauna da shi an fahimci juna, kamar dai miji na zaɓin iyaye.

Yanzu mu zo kan harshe, a nan ne maganar take da daɗi. Abu uku ne suke kokawa a cikin kofin koren shayi. Akwai ɗaci, wanda wani ɓangarensa daga kafin yake zuwa, wato sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa mai hana barci. Akwai bauri, irin wanda ke kama miki harshe da dasashi in kin ci ɗanyar kanya ko ayabar da ba ta nuna ba, wannan kuma aikin wasu sinadarai ne da ake kira katekin. Na ukun shi ne amaryar, wani garɗi mai laushi da zaƙi-zaƙi a ƙarshensa, wanda in kin haɗiye zai zauna miki a maƙoshi har yawunki ya tsinke. Wannan daga wani sinadari yake mai suna tiyanin, wanda wani masani ɗan Japan, Yajiro Sakato, ya gano a ganyen shayi a 1949.

Wannan garɗin ba baƙonmu ba ne ko kaɗan. Shi ne abin da daddawa ke ƙara wa miyar kuka, shi ne ke cikin romon nama da busasshen kifi. Mutanen Japan sun raɗa masa suna umami, kuma wanda ya raɗa sunan, Kikunae Ikeda, shi ne a 1908 ya gano sinadarin da ke kawo shi, wanda daga binciken nasa ne aka fara yin Ajinomoto, farin magin nan da ke cikin kwandon kayan miyar kowace uwa. Kin ga ashe da ke da su ba ku yi nisa ba. Akwai ma wani shayinsu mai tsadar gaske, gyokuro, da in kin kurɓa ido a rufe za ki rantse romo aka ba ki. Yadda suke yi shi ne, kamar mako uku kafin tsinka sai su yi wa itatuwan rumfa su tare rana. Shi tiyanin a saiwa ake ƙera shi ya hau zuwa ganye, in rana ta doke shi sai ya riƙa juyewa yana zama katekin mai bauri. Da an yi inuwa sai ya tsaya yadda yake, ganye ya yi kore shar ya cika da garɗi. Wato dai lalle suke sa wa itacen, su ɓoye shi a ɗaka kamar amarya. Garin nan da ake kira matcha, wanda in kin gan shi za ki ɗauka garin kuka ne ko na zogale, shi ma daga ganyen inuwa ake niƙa shi a dutse.

Kafin in wuce, ku 'yan makaranta masu gudun ajin kimiyya ku matso ku ji. Katekin ɗin nan da na ambata, mace ce ta fara ware shi daga koren shayi a 1929, sunanta Michiyo Tsujimura. Malamar makarantar 'yan mata ce kafin ta shiga ɗakin bincike, inda ta fara aiki a matsayin mataimakiya ba ko albashi. A 1924 ita da abokin aikinta Seitaro Miura suka gano akwai bitamin C a koren shayi, a 1932 kuma ta zama mace ta farko a Japan da ta sami digirin dakta a fannin noma. Duk a kan ganyen da muke tafasawa muna zagi.

To mene ne kuma oganik, da har yake ƙara wa kwali kuɗi? A taƙaice shayi ne da aka noma ba takin zamani, ba maganin feshi na kashe ƙwari ko ciyawa. Ba kuma da baki ake faɗa ba. A dokokin Turai da Amurka da Japan, sai gonar shayi ta yi shekara uku ba a zuba mata waɗannan abubuwa ba, masu dubawa sun zo sun gani da idonsu, sannan a yarda a buga mata hatimi. Na Tarayyar Turai ganye ne da aka zana da fararen taurari a kan kore, an wajabta shi tun 2010. Na Amurka da'ira ce an rubuta USDA Organic a ciki, na Japan kuma kore ne da haruffan JAS. In kin ga kwali an rubuta kalmar kawai da manyan baƙaƙe, an zana tsauni da raɓa, amma ba hatimi ba lambar hukumar da ta duba, to ki sani kwalliya kika saya. Ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don wannan ko a kan alawa ce ya kamata ki saba da shi.

Dalilin da ya sa mutane ke damuwa da wannan a kan shayi musamman shi ne, shi ba kamar salat ko tumatir ba ne da za ki wanke da gishiri. Galibi yadda aka tsinko ganyen haka ake sarrafa shi a busar, ruwan da kika zuba masa shi ne wankansa na farko, kuma shi za ki sha. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba.

Amma fa masu talla suna so ki ɗauka cewa duk shayin oganik ya fi daɗi, a nan kam na ja da su. Garɗin nan da muke ta yabo, itacen yana buƙatar naitirojin kafin ya ƙera shi, wato abin da ke cikin takin yuriya da manomanmu ke zuba wa masara. Mai takin zamani in ya zuba, nan da nan itace ya sha ya ƙoshi. Mai oganik kuwa sai dai ya bi ta doguwar hanya, ya zuba takin gargajiya, da garin kifi, da abin da ke saura in an matse mai irin tunkuzarmu ta gyaɗa, ya zauna jiran ƙasa ta narkar da su a hankali, ga ciyawa da hannu zai cire ta, ga ƙwari ba feshi. Saboda haka sau da yawa za ki tarar shayin oganik, musamman na Japan, bai kai ɗayan kauri da garɗi a baki ba. Ɗanɗanonsa siriri ne, mai tsabta, ƙamshin ganyen ya fi fitowa fili, kuma in ya wuce maƙoshi ba ya barin nauyi. Wasu wannan suke so, wasu kuma su ce salam yake. Ni ina cikin masu so, amma ba zan ce wa ƙawata ta yi asarar kuɗinta don an ce ya fi daɗi ba. Hatimin yana ba ki labarin yadda aka yi noma ne, ba ya ba ki labarin gwanintar wanda ya gasa ganyen.

Abin da ya fi hatimi tasiri a kan daɗi shi ne lokacin tsinka. Tohon farko na bayan sanyi shi ne sarki, don itacen ya yi watanni yana tara abinci, ƙwari kuma ba su farka ba tukuna. A Sin, Longjing ɗin da aka tsinka kafin bikin Qingming, wajen 4 ko 5 ga Afrilu, shi ya fi kowanne tsada. A Japan kuma suna ji da na kusan 2 ga Mayu. Wanda ke cikin 'yar jakar nan mai zare kuwa, yawanci ɓarɓashi ne, shi ya sa yake saurin sakin ɗaci. Araha ba ta ado.

Kada kuma wata ta ɗauka koren shayi jiya ya zo ƙasar Hausa. Wanda Abzinawa da Buzaye suke dafawa a 'yar buta kan murhun waya, daga Agadas har ƙofar gidajen Kano, koren shayin Sin ne tsantsa. A ƙarni na 19 ya yaɗu a Maroko, ayarin raƙuma suka ratso Sahara da shi. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda aka murza ya zama ƙananan ƙwallaye, Turawa suka ce ya yi kama da albarushi suka sa masa suna haka, alhali su masu shi lu'ulu'u suke ce masa. Akwai kuma chunmee, mai lambobi irin su 41022 da 9371 a jikin kwali, wanda ma'anar sunansa ita ce gira mai daraja, don kowane ganye a lanƙwashe yake kamar girar budurwa. Kai, wannan suna da a littafina na sa shi, da an ce na cika zuzutawa!

Akwai wani dattijo Ba'abzine da ke gadi a layinmu, in na dawo da yamma nakan tsaya mu gaisa, ya ce, "'Yata, zauna ki sha na uku, na farko ba na yara ba ne." Gaskiyarsa kuwa. Su tafasa shi suke yi sosai da gangan, su fito da duk ɗacin da baurin da ke ciki, sannan su kashe shi da sukari da na'a-na'a, su yi ta ɗaga buta sama suna tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta taru. Sukan ce na farko ɗaci kamar mutuwa, na biyu sassauci kamar rayuwa, na uku zaƙi kamar soyayya, ko da yake kowa da yadda yake jera tasa. Wannan shayin hira ne, an yi shi don ya jure wuta, kuma a kofin da bai fi kurɓi uku ba ake shansa. Kuskuren 'yan matanmu shi ne su ɗauko lallausan ganye mai tsada su yi masa dahuwar Abzinawa, ba sukari ba na'a-na'a, su cika moɗa. In kiɗa ya sauya ai rawa ma sai ta sauya.

Ga yadda za ki yi. Ki tafasa ruwanki ya tafasa sosai, don ruwanmu sai da haka, sannan ki sauke ki bar shi a buɗe kamar minti biyar, ko ki juye shi daga kofi zuwa kofi sau biyu ko uku. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa koren shayi 70 zuwa 80 yake so, gyokuro ma 50 zuwa 60. Hikimar ita ce, garɗin yana fita ko a ruwa mai ɗumi, amma ɗaci da bauri sai ruwa ya yi zafi ƙwarai suke tururuwar fitowa. Ki zuba ƙaramin cokali guda na ganye, kamar giram biyu ke nan, a kan kofi ɗaya. Tun kafin ki zuba ruwa, ki ɗauraye butar da ruwan zafi ki zubar, ki sa busasshen ganyen a ciki ki rufe na ɗan lokaci, sannan ki buɗe ki kai hanci. Wallahi a nan ne za ki ji abin da kika saya. Sai ki zuba ruwan, minti ɗaya zuwa biyu ya isa, ki tsiyaye shi tas, kada ki bar ko ɗigo a kan ganyen don zai ci gaba da jiƙa ya yi ɗaci. Ganyen nan kada ki zubar, zai ba ki na biyu da na uku, kuma sau da yawa na biyun ya fi na farko buɗewa. Madara dai ki ajiye ta wa Lipton. In ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne, za ki ga shayin ya yi duhu ya dushe, kamar yadda kanwa ke sauya wa zoɓo launi, to sai ki nemi ruwa mai sauƙi.

Mu marubuta mun saba, kullum jarumarmu sai ta fito zaure da tire ɗauke da lemo mai sanyi ta durƙusa. Lokacin hunturu fa? Farin kofi, shayi fatsi-fatsi yana tururi, da dabino uku a gefe, ai ba ƙaramin aji ba ne.

Saura maganar rama, wadda na san saboda ita da yawanku kuka karanto har nan. A 2012 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koren shayi da rage ƙiba, suka tarar abin da yake ragewa ɗan mitsitsi ne da bai taka kara ya karya ba. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da sunan shayin rage tumbi, in kin karanta bayan kwalin za ki ga an haɗa da senna, wato filasko, maganin wankin ciki. Gudawa ce za ta zuge ki, ki hau sikeli ki ga kin ragu, ashe ruwan jikinki ne ya tafi. Ƙwayoyin da ake cewa an tatso ƙarfin koren shayi an ɗura a ciki su ma a yi hattara, don a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗin cewa shan miligiram 800 ko fiye a rana na babban katekin ɗin da ke cikinsu yana iya taɓa hanta, alhali shayin da aka jiƙa aka sha yadda aka saba ba ta ga matsala a tare da shi ba.

Wanda ya fi damuna ma shi ne na jini. Baurin shayi, kore ko baƙi, yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da zogale da alayyafo da gero ya hana jiki ɗaukarsa yadda ya kamata. Mu kuwa mata duk wata sai mun yi asarar jini, ga mai ciki ga mai goyo. Yarinyar da take jin jiri in ta miƙe, cikin idonta ya yi fari, sannan ta riƙa kora ɗanwake da moɗar shayi, tana ƙara wa kanta ne. Ki ba da tazarar ko da awa guda tsakanin abinci da shayi. Kada kuma ki sha da ƙarfi a kan yunwa, yana tayar da zuciya. Kofi guda yana ɗauke da kafin kamar miligiram 30, bai kai na gahawa ba, amma mai juna biyu ta lissafa da goro da lemon kwalba mai duhu in tana sha, ta kuma tambayi malamar asibiti ranar awo.

Sai ajiya. Busasshen ganyen shayi mayen ƙamshi ne, duk abin da ke kusa da shi sai ya zuƙe. Da wannan halin nasa ne ma mutanen Fuzhou suke yin shayin yasmin, su shimfiɗa furanni a cikin ganyen da dare, da safe su tsince, ƙamshin ya zauna. To ki ƙaddara abin da zai faru in kin ajiye shi a kwaba ɗaya da daddawa da tafarnuwa, ko a kan madubi kusa da humra da turaren wuta, ko kusa da galan ɗin kananzir. Ki samo gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam, wanda haske ba ya ratsawa, ki wanke ki shanya ya bushe ƙayau, ki juye a ciki ki ajiye nesa da murhu. Ki riƙa sayen kaɗan-kaɗan, don da zarar an buɗe leda, a zafin garinmu wata ɗaya zuwa biyu ƙamshin ya fara gudu, koren ya koma ruwan ƙasa, in kin shinshina sai ki ji kamar tsohuwar harawa. In ya kai haka, ki zuba shi a busasshen kasko a kan wuta kaɗan, ki yi ta juyawa har ya yi ja-ja ƙamshin gashi ya tashi. Mutanen Japan suna yin irin wannan gasasshen shayi su kira shi hojicha, ba shi da bauri sosai, kuma shi ruwa mai zafi yake so.